Ƙaramin Maɓallin Hedimasta Bawa

Ku dai samarin nan kuna ba ni dariya. Kullum kuna zaune a bencin ƙofar shagona kuna jiran wayoyinku su cika, kuna kallon hannuna, sai wani ya ce, "Ai gyaran kwamfuta ba wuya, Malam Sale, duk yana cikin bidiyo." Mutum ya shigo da akwatinsa, bai gama sallama ba kun riga ni yanke hukunci: a yi mata fomatin, a goge duk abin da ke cikinta. Ba ta tashi, fomatin. Tana ƙara, fomatin. Da a asibiti kuke aiki da tuni mun binne rabin Birnin Gwari. To tunda ruwan nan ya tsare ku, ku gyara zama. Kun ga wannan ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin na kunnawa, wanda bai fi ƙwayar wake ba? Shi ake kira risat. In ka danna shi sai kwamfuta ta watsar da duk abin da ke hannunta, ta sake tashi daga farko. Raina kama ka ga gayya. Wannan ɗan abin ya taɓa sa na rasa bakin zaren aikina, da girmana da furfurata.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Da rediyo na fara, a Zariya, wajen maigidana Malam Tanimu, Allah ya jiƙansa. Bayan na gaji da shara da tsince kusoshi ina zubawa a gwangwanin madara, aikin farko da ya miƙo mini rediyon wani mahauci ce. Na zabura na ɗauki sukudireba, sai ya buge mini hannu.

"Shinshina," in ji shi.

Na ɗauka wasa yake yi. Na kai hanci, sai ƙauri ya buge ni ta ɓangaren batir. Ya ce, "To ka ga inda ciwon yake tun ba ka kwance ƙusa ba." Karatunsa ke nan: hanci, kunne, ido, sannan hannu. Sukudireba ita ce auta. Yana kuma da wata magana da yake maimaitawa har ta gundure mu, wai in kaya ya yi lafiya a shago ya koma gida ya kwanta, kada ka ce mai shi ƙarya yake yi, bi shi ka ga inda yake kwana.

Da kwamfuta ta shigo gari na je Kaduna na ƙaro sani, amma kayan aikina ba su canza sosai ba. Ga su nan kuna gani. Wannan mitar ta girmi kowa a cikinku. Ga ƙarfen narka dalma, ga buroshin haƙori da ya yi ritaya, ga kwalbar sifirit, ga auduga, ga tsinken tsintsiya. Kada ka yi dariya, tsinken nan ya shiga lungunan da yatsanka ba zai taɓa shiga ba. Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Akwai mai rantse maka cewa ba wanda ya taɓa ta, ka juya bayanta ka ga duk an cinye kan kusoshin. Akwai wani ma'aikacin ofis da ya kawo mini tasa wai ta yi shiru haka kawai, na buɗe na tarar ɓera ta haihu a ciki, 'ya'yan jajaye suna ta motsi kusa da fanka. Ya ce in bar masa su tukuna su yi ƙwari.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda wasunku suka sani sarai. Hanyar Kaduna ta zama sai mai ƙarar kwana. Aka rufe layin waya, aka hana hawan babur, gari ya cika da mutanen ƙauyuka da suka gudo da abin da hannu ya iya ɗauka. Ni da nake aikawa a sayo mini kaya, ko fis ɗaya ban da hanyar samu. Na koma farke matattun kwamfutoci ina raya masu sauran numfashi. Wani satin ba abin da nake gyarawa sai tocila da rediyo, kamar na koma yaron Malam Tanimu. A cikin daminar wannan shekarar ne Mama Saratu ta zo mini.

Da hantsi ya yi zafi na hango ta, tsohuwa siririya, ta ɗauko akwatin kwamfuta a kafaɗa irin ɗaukar matan Gbagyi, ta naɗe shi da zane. Na tashi da gudu na karɓe ta. Ai na san ta tun ina ɗan firamare a ƙauyenmu wajen Kakangi. Mijinta, Hedimasta Bawa, shi ya koya mini karatu. Mutum ne mai gaskiya, amma bakinsa ya fi bulalarsa zafi. In ya gaya maka magana a gaban aji, ka gwammace ya zane ka ka huta. Ban taɓa jin ya ce wa wani ya yi haƙuri ba.

"Sale ɗana," ta ce tana haki, "bakin babanka na kawo maka."

Ban gane ba sai da ta sha ruwa ta yi mini bayani. Bayan sun baro ƙauye sun kama ɗaki a nan gari, hawan jini ya kayar da Baba Hedimasta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage masa hankalinsa, da yatsa ɗaya na hannun hagu, shi ma yana rawa. Ɗansu Yohanna, da ke aiki a Kaduna, ya gwada ba shi waya, haruffan suka yi masa ƙanana. Sai ya tuna da tsohuwar kwamfutar da Baba yake buga tambayoyin jarrabawa da ita. Ya haɗa mata sola da batir, ya shirya ta yadda da ta tashi farin shafi zai buɗe da kansa, haruffa manya-manya. Baba ya danna da yatsa, Mama ta karanta. Ita kuwa a ajin manya na coci ta koyi karatu, a hankali take haɗa baƙi. Da wannan yake neman ruwa, da wannan yake cewa a juya shi, da wannan yake cewa zai kewaya.

"Yanzu kuwa," ta ce, "tun da ruwa ya zauna, sai ta ɗauke da yamma. Fanka na juyawa, gilashin da rubutu ke fitowa baƙi ƙirin. Haka za ta kwana, haka za ta wayi gari, sai rana ta take sannan ta farka don kanta. Jiya da safe ya yi ta kallona yana gurnani, ban gane kewayawa yake so ba, har abin ya zo masa a shimfiɗa." Ta sunkuyar da kai. "Ka san babanka. Tun jiya ya juya fuska bango, ko kunu ya ƙi karɓa."

Na jona ta a nan, a kan teburin nan. Ƙit! Ta yi 'yar ƙarar nan tata ta farkawa, ta tashi lafiya lau, farin shafi ya buɗe. Na kashe na kunna, ta tashi. Na auna wutar da ke shigarta, daidai. Na zare ram, ɗan fallen ƙwaƙwalwarta, na goge na mayar. Na danna risat ɗin ma, ya shiga ya dawo, da ɗan nauyi dai, amma wane tsohon maɓalli ne ba shi da nauyi? Na bar ta tana aiki har la'asar, ko tari ba ta yi ba. Na ɗauka mata har gida na jona, na duba batirin sola, shi ma ƙalau. Baba yana kwance ya ba mu baya, na gaishe shi bai juyo ba.

Kwana biyu sai ga ta kuma, da akwati a kafaɗa, cikin rana. Na jona, ta tashi. Wallahi raina ya ɓaci, ba da ita ba, da wannan munafukar na'ura da take lafiya a gabana ta je gida ta kwanta. Da ɗayanku ne da tuni ya yi mata fomatin ya sallami tsohuwa. Na ce, "Mama, kada ki sake ɗauko ta. In ta ɗauke, ki bar ta yadda take. Gobe da sassafe ina nan tafe."

Washegari na fito daga sallar asuba na ɗauki jakata. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi har sai da na sa rigar sanyi. Ɗakin nasu na kwano ne, ba silin. Baba yana jingine da filo, ya rame, idon nan dai yana nan yadda na san shi, mai sa ka duba ko rigarka a ɓalle take. An ɗora akwatin a kan kujera ta gefen hagunsa, kibod, wato allon haruffan, a kan wani katako bisa cinyarsa. Fanka tana ta juyawa, gilashi baƙi.

Ban taɓa sukudireba ba. Na durƙusa na kasa kunne, ba ƙit, ba komai, alamar wani abu ya riƙe ta tun kafin ta fara tashi. Na kai hanci gaban akwatin. Ɗakin duk warin man kaɗe yake, don da shi Mama take murza masa hannu da ƙafa, amma a daidai wurin maɓallan warin ya fi ƙarfi. Na haska tocila. Risat ya shige ciki ya maƙale, gefensa duk wani farin abu ya daskare. Na sa tsinke na ɗan kankaro, na murza a yatsa. Man kaɗe ne.

Kun ga lissafin? Man kaɗe in ya ji zafi ruwa ne, in ya ji sanyi ya kama jikinsa. In aka danna maɓallin da yamma cikin sanyin damina, sai ya shiga ya ƙi dawowa, kwamfuta kuwa muddin ana danne da risat ba za ta tashi ba. Sai rana ta gasa kwanon ɗakin, man ya narke, sifirin, 'yar murɗaɗɗiyar wayar da ke bayansa, ya turo shi waje. Mama kuma duk sanda ta ɗauko mini ita cikin rana, kafin ta iso shago ta warke a kafaɗarta.

Na buɗe gefen akwatin. Daga maɓallin akwai 'yar siririyar waya mai harshe biyu da ke zuwa kan bod, babban allon da ke cikinta. Na zare ta. Nan take, ƙit! Gilashi ya kawo haske. Mama ta ce, "Yesu na gode!" Ni kuwa Baba nake kallo. Yatsan nan ya taso yana rawa, ya yi ta lalube a kan kibod. Da ƙyar ya gama, na karanta:

SALE HAR YANZU MAKARA KAKE YI

Na fashe da dariya, hawaye na zubo mini. Na ce, "Baba, ai hali zanen dutse ne." Mama ta juya ta goge ido da bakin zane.

Na ce masa aiki ya ƙare. "Wannan wayar zan bar ta a zare, Baba. Maɓallin ba shi da wani amfani a wurinka. Ko ya maƙale ko bai maƙale ba, ba abin da zai ƙara taɓa ta." Wannan shi ne gyaran da kowane mai gyara zai yi, kuma ba laifi ba ne. Na ɗauko murfi zan rufe, sai na ji yana gurnani. Yatsa ya koma kan kibod.

MAYAR DA SHI

"Baba, shi ne fa ya hana ka magana. Me za ka yi da shi?"

AIKINKA GYARA BA TAMBAYA BA

To, ka ji. Mutum ya kwana biyu ba baki, ya samu baki, da abin da ya fara ke nan. Na ce to. Na ɓalle fuskar akwatin a hankali, don robar ta tsufa, haƙoranta suna karyewa kamar ƙarago in ka matsa. Na fito da ita tsakar gida, na zauna a kan turmi ƙarƙashin rumfa, na roƙi Mama ruwan ɗumi da sabulu.

Wankin irin wannan ba a yi masa gaggawa. Ka fara ciro kan maɓallin da ɗan sifirin ɗinsa, ka ajiye a murfin kwalba don kada su yi tsalle su ɓace. Robar ka wanke ta da ruwan ɗumi da buroshi. Ainihin makunnin da ke ciki kuwa ruwa ba ya zuwa kusa da shi, sifirit za ka ɗiga masa, ka danna, ka ɗiga, ka danna, har sai ka ji yana amsa maka ƙyas-ƙyas. Man ya shiga ko'ina, ya haɗu da gashin bargo ya zama kamar danƙo. Ina cikin sakace ramin da tsinke Mama ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

Na ce, "Mama, wannan man ba daga yatsa ya shafu ba. Cusa shi aka yi."

"Ni na sa," ta ce. "Na ga yana shan wuya wajen dannawa. Sai ya yi ta turawa, yatsan yana zamewa. Na ce abin da ke sa gwiwa ta yi laushi ai zai sa wannan ma. Ban kawo a raina shi ne ke kashe ta ba."

"To shi me yake nema da risat? Kwamfutar ba ta tsaya masa cak, ba ta komai."

Ta waiwaya ta dubi ƙofar ɗakin, ta rage murya.

"Ka san bakin babanka. Ciwon nan bai rage masa komai ba, sai ma ƙari. In yamma ta yi, jiki ya gaji, sai ya rubuta mini magana. Irin wadda ka sani. In ya gama sai ya zauna yana kallonta. Da ya ji tafiyata, sai ya kai yatsa can ƙasa ya danna, komai ya goge. Goge haruffa ɗaya-ɗaya ba zai iya ba kafin in shigo. Kuma in ya yi haka, laifin na'ura ne, ba shi ya janye ba."

Na ajiye tsinken. "Ke ya aka yi kika sani?"

Ta yi murmushi. "Haruffan nan manya ne, Sale. Daga bakin ƙofa ina hango su ta gefen labule. Ni da nake karatu a hankali, har in gama karantawa bai yanke shawara ba. Sai in tsaya ina gyara ɗaurin zane, ko in yi kamar ina kora kaza, har in ji ƙit."

"Bai sani ba?"

"Kada ka kuskura." Ta ɗaga mini yatsa. "Tun ina amarya mutumin nan yake gaya mini magana. An ce magana zarar bunu ce, to ni ban taɓa ganin ya yi ƙoƙarin mayar da ko ɗaya ba sai yanzu da bakin ya tafi."

Sai a lokacin na gane sauran. Baba ya fi kowa sanin abin da ke kashe kwamfutar, tunda shi yake dannawa ya ga ta ɗauke. Ya san in ya danna da yamma zai kwana ba baki, ya wayi gari ba baki, ba neman ruwa, ba neman kewayawa. Amma yamma na yi, in maganar ta fito ya ji tafiyarta, sai ya danna. Tausayinsu su biyun ya kama ni har na kasa ɗaga kai, na yi ta goge robar da ta riga ta bushe.

"Gyara masa shi ya yi laushi," ta ce. "Iyakar roƙona ke nan."

Sifirin ɗin asali yana da tauri, an yi shi don kada a danna bisa kuskure. Na zare na cikin bairona, na yanke shi daidai tsawon wancan, ya fi shi laushi nesa ba kusa ba. Na kankare gefen ramin da 'yar wuƙa don kan ya riƙa shiga yana fita ba gogayya. Sannan na roƙi Mama babban maɓallin riga, ta ciro mini daga tsohon kwat ɗin Baba, na manna shi a kai da gam don yatsa ya samu wurin sauka. Na ce mata daga yau ko ɗigon mai kada ya ƙara zuwa wurin, in ya yi nauyi ta aiko a kira ni. Na mayar da fuskar, na jona wayar a kan bod, na rufe.

"Baba, gwada."

Ya kai yatsa, ya ɗan taɓa. Ƙit! Maɓalli ya dawo da kansa. Ya dube shi, ya dube ni, bai rubuta komai ba. A wurin Hedimasta Bawa wannan yabo ne.

Mama ta ce bari ta dama masa kunu, tunda yau ya yarda zai sha. Itacen ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, ta daɗe. Ina durƙushe ina tattara kayana a jaka sai na ji kibod yana ƙara. Ban yi niyyar dubawa ba, amma haruffan manya ne.

KUNU NE KO GININ RIJIYA MATAR NAN BA TA DA AMFANI

Na mayar da idona cikin jaka. Ya zauna yana kallon rubutun, yana numfashi da ƙarfi. Can sai ga ƙarar takalminta a tsakar gida, ta taho, ta taho, ta tsaya daidai bayan labule. Na ji tana cewa "Shit! Shit!" alhali tun da na shigo gidan ban ga kaza ko ɗaya ba. Yatsan Baba ya sauka daga kan katako a hankali.

Ƙit!

Ta ɗaga labule ta shigo da kwano, ta dubi baƙin gilashin.

"Kai, wannan na'ura! Ta sake ɗaukewa? Sale, anya ka gyara kuwa?"

Na ce, "Tsufa ne, Mama. Za ta riƙa yi jefi-jefi, amma yanzu ba za ta daɗe ba."

Ta zauna a bakin gado tana juya kunun da ludayi yana hucewa. Farin shafi ya buɗe. Yatsan ya hau kibod, ya yi ta lalube, mu duka muna jira. Ta matso da fuska tana haɗa baƙin a fili, ɗaya bayan ɗaya, yadda ta saba.

"San... nu... da... ai... ki."

Ta ce, "Yawwa, Baban Yohanna. Buɗe bakin."